Allon da Aka Shanya wa Kuɓewa

Da hannuna na rubuta allon nan: Gidan Haihuwa. Ni marini ne a Ƙofar Mata, rubutuna a karkace yake, amma shuɗi kam ba mai koya mini. Maiɗakina ungozoma ce mai takardar shaida. Ta ajiye aikin asibiti don ta buɗe nata a Mazugal, inda mai naƙuda ke shan wuya kafin a fito da ita daga lungu zuwa titi.

Tun sojoji na mulki ta nemi lasisi a hukumar da ke kula da sana'arsu. Shiru. Ba a ba ta ba, ba a kuma ce an hana ta ba. Kullum sai "Hajiya, a dawo wani satin." Ita kuwa ta rantse ba za ta karɓi haihuwa a ɗakin nan ba sai da izini. Allo ya koma tsakar gida, aka shiga shanya kuɓewa a kai. Duk sanda na gifta sai raina ya ɓaci.

Da farar hula suka dawo, ta ce kotu za ta. Kai, zo ka ga dattawa a sorona! Babbansu ya ce, "Malam, mace da ƙarar hukuma? Ba ta haƙuri mana."

Na ce, "Baba, haƙurin ne ya mai da allona faifan shanya. Ni ma zan raka ta."

A kotu lauyan hukuma ya ce doka ta kare su, ba a ƙararsu kan aikin da suka yi. Alƙali ya cire tabarau ya ce, "To, wane aikin kuka yi?" Wallahi sai da na toshe baki da hannun riga don dariya. Ya yanke cewa kariya ta wanda ya yi aiki da gaskiya ce. Wanda ya danne buƙatar mutum, ba amsa ba dalili, alhaki na wuyansa. Su je su duba ɗakin, su ba ta amsa, su kuma biya ta diyya.

Suka zo, suka leƙa har makewayi, ba su sami abin kushewa ba.

Ranar da lasisi ya fito na ɗauko fenti zan sabunta allo, don duk tabon kuɓewa ne. Ta riƙe mini hannu, ta ce, "Malam, bar shi haka, a gani."

Haka na kafa shi, ina ji da kaina kamar ni na yi shari'ar. Yaran da ta karɓa a ɗakin nan yanzu su ke kawo matansu, kuma har yau allon bai ga fenti ba.