Baba Ɗanlahadi Ba Ya Karatu Shi Kaɗai

Ƙanin mahaifina ne Baba Ɗanlahadi, manomin dawa a wani ƙauye bayan Faskari. Da girmansa ya koyi karatu a ajin yamma na coci, inda kowa ke ɗaga murya, shi ya sa har ya tsufa bai iya karatu a zuci ba. In ya buɗe littafi, har awakin maƙwabta sai sun ji wa'azi.

Littattafansa na koyarwar bangaskiya ne, yana ajiye su cikin kwalla saboda gara. Kuma ba ya ba ka wanda ka roƙa, sai wanda ya ga ya dace da kai. Sabon tuba ya ba shi na tushen bangaskiya, mai fushi ya ba shi na haƙuri, mai rawar kai da sababbin masu wa'azi ya ba shi na sahihiyar koyarwa, ya ce jariri ba a fara shi da ƙashi. Ni na haƙuri ya ba ni, na kuwa ji haushi.

Matarsa, Inna Larai, ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ita ce mai sauraronsa. Tana sussukar gero tana gardama da shi, shi kuma yana jin daɗi. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen, kowa ya kama gabansa, su biyu suka kama ɗaki a Ƙanƙara bayan kasuwar hatsi. Ba su cika shekara ba ta rasu.

Daga nan ya rasa mai ji. A cocin gari an karɓe shi da mutunci, an ba shi kujera, sai dai kowa karatunsa a waya yake yi. In ya tare matasa bayan sujada, sai su gaishe shi har ƙasa su sulale. Ga kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Wannan abu ya ci mini rai, don mutumin ba kuɗi yake nema ba, kunne kawai yake nema.

Bara na zo daga Funtua na iske shi zaune a bakin ƙofa, kwallar a rufe. Na ce, "Baba, ai ko kai kaɗai sai ka riƙa karantawa."

Ya ce, "Ɗana, na gwada. Maganar tana fita ta bugi bango ta dawo mani. In ba wanda zai ce mani ban gane ba, ni ma ba ni ganewa."

Na zauna ya karanta mini, yana kai takardar har hanci, yana tuntuɓe a inda a da yake wucewa a guje. Bai kai ƙarshen shafin ba ya rufe. Ya tura mini kwallar da ƙafa, ya ce in kai cocinmu.

"Amma ka faɗa masu, kada kowa ya karanta shi ɗai. A samu wani a zaunar."

Na ɗaure kwallar a bayan babur. Da na waiwaya, yana nan zaune, hannuwansa a kan gwiwa, leɓunansa suna motsi, masu buhunan masara suna ta wucewa ta gabansa.