Ɗinkin Tayar Yaya Sani

A gidanmu na haya a Agege, da an ɗauke wuta bayan magariba sai mu zagaye murhun gawayin Kaka a baranda, ta yi mana tatsuniya tana ɗinkin hula. Ni ce mai yawan tambaya, har takan ce bakina ya riga haƙorana fitowa. Amma tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce wadda ba ta ƙarasa ba.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki ne. Rigima ta tashi a kasuwar Mile 12 inda Baba yake sayar da albasa, har aka yi magariba bai dawo ba. Motocin haya na danfo sun daina zuwa can. Yayana Sani, wanda ke koyon gyaran keke wurin wani Bayarabe, ya shigo yana tura keken tseren da ogansa ya ba shi, ƙusa ta huda tayar baya a bakin layin dogo. Ya ce yanzu zai gyara ya tafi neman Baba. Umma ta roƙe shi har da kuka kar ya je, ko kallonta bai yi ba.

Tayar irin wannan keke fitinanniya ce. Siririya ce, tub ɗin a ɗinke yake a cikinta, ita kuma da gam ake manna ta a jikin wili. Sani ya ɓamɓaro ta, ya nutsa ta a bokiti har ya ga inda iska ke fita, ya farke zaren wurin, ya jawo tub ya yi faci da sholisho. Saura ɗinki, ga hannunsa yana rawa. Idan allura ta taɓa tub, aiki ya koma baya.

Kaka ba ta hana shi tafiya ba. Hannu kawai ta miƙa.

"Kawo nan, maigida. Da wannan hannun ko buhu ba za ka ɗinke ba."

Ta goga wa zare kaki, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Muka amsa a sanyaye. Wai wani saurayi ne mahaifinsa ya ɓace a daji, ya ɗauki salkarsa zai bi sawu, ashe ƙaya ta huda ta. Ya kai wa wata tsohuwar badukuwa, ta ce za ta ɗinke, amma sai ya samo mata jijiyar barewa. Barewa ta ce sai ya kawo mata ciyawar fadama, fadama ta ce sai ya roƙo mata ruwan sama. Haka Kaka ta yi ta aikensa, daga wannan sai wancan.

Ni ce kusa da gwiwarta, don haka na ga abin da take yi. Sai ta yi ɗinki mai kyau, ta kara shi a hasken gawayi, ta yi tsaki, ta warware. Matar da ke zana hula ko kallon allura ba ta yi. Na kama bakina. Can wajen titi muna jin gudun mutane, wani maƙwabci ya leƙo ya ce an tare hanya a Ojota. Sani ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya ce ta yi sauri don Allah. Ta ce idonta ne ya tsufa, ya yi haƙuri da matarsa.

Da ta miƙa masa tayar, an daɗe da yin isha'i. Ya shafa gam ya ɗora, ya buga iska. Sai ta tambaye shi, kamar ba ta sani ba, me ogansa ya ce game da ɗanyen gam. Ya ce taya kan zame daga wili idan an sha kwana, sai gam ya kwana ya kama. Ya jingine keken ya zauna a ƙasa. Saurayin tatsuniya kuwa har barci ya ɗauke ni bai karɓi salkarsa ba.

Baba ya shigo da hantsi, a ƙafa, ba hula ba takalmi. Wata Bayarabiya mai sayen albasarsa ce ta ɓoye shi a shagonta. Abin da ya gani a hanya bai taɓa faɗa a gabanmu ba.

Na daɗe ina ɗauka wayo Kaka ta yi wa Sani, ni kaɗai na gane, har ina jin kaina da wannan sirri. Sai bayan rasuwarta, muna zaman makoki, na ba shi labari ina dariya. Bai yi dariya ba.

"Ina kallonta tana warwarewa," ya ce. "Tsoro nake ji kamar in mutu, kuma na riga na ce zan tafi. Ita ma ta sani. Shi ya sa ba ta ce kar in je ba."