Sati Uku Kawu Ya Roƙa

Kawuna bai taɓa yin wata sana'a ba sai saƙar zana. Tun ina ƙarama nake ganinsa a gindin bishiyar ƙofar gidansa, ƙafa ɗaya a miƙe, yana murɗa gamba, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Mutum ne mai mita, abin da bai kai ya kawo ba sai ya yini yana ƙorafi a kai, amma zanarsa takan shekara huɗu ba ta kwanta ba.

Daga dajin bayan gari yake samo ciyawar. Masu sana'ar suna da ƙa'idarsu: da damina ta ja baya, kowa zai shiga ya ƙulle kan gambar da yake so, ya bar ta ta ƙosa. Wanda ya ga ƙulli ya san da mai ita, ko makiyayi kauce mata yake yi. Sai ta bushe a tsaye ake sa mata lauje, a yanko ta da tsawonta. Shekara talatin da biyar Kawu yana haka, kuma inda ya yanke, wuta ba ta samun abin ci.

Bara waccan gobara ta tashi ta ɓangaren da ba mai yanka, ta cinye rabin dajin, har ta lashi gonaki. Sai ga wata ƙungiya da motocinta, wai za a farfaɗo da dajin, namun daji su dawo. Ba na ƙin gaskiya, an amfana. Matasa da yawa sun samu aiki, mai shayi ya ƙara benci. Babban ɗan Kawu ma, magidanci da ya shekara biyu yana zaman kashe wando, an ba shi injin yankan ciyawa da hular kwano. Abin da ke ƙona min rai shi ne tsarin nasu: a share ciyawa tun tana ɗanya, kafin ta bushe ta ja wuta. Injin kuma daddatsa ta yake yi, ya bar ta gutsi-gutsi, ko tsintsiya ba za ta yi ba.

Kawu ya sa rigarsa ta fita kunya, ya je ofishinsu har sau uku. Sati uku kawai ya roƙa a bar ciyawar ta bushe, ya ce shi zai kwashe musu ita kyauta. Shugaban aikin ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya nuna masa jadawali a bango, ya ce ba shi ya tsara ba. Kawu ya dawo yana cewa ai ya riga ya ƙulla, kuma babu ɗan garin nan da zai taɓa ƙulli. Mu ma muka yarda, wautarmu ke nan.

Ranar da aka iso kan gambarsa, ɗan nasa ne riƙe da inji. Da yamma ya shigo, ko takalmin aiki bai cire ba, ya tsuguna nesa da uban.

"Baba, na ga ƙullinka. In na tsallake, wani za a ba injin."

Kawu ya juya wajen mutanen gida. Ya ce a zuba wa ɗan nasa abinci. Kwana biyu ba mu ji mitarsa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata mu.

Bana ba a yi gobara ba, har an ce an ga barewa. Zana kuwa ko ɗaya Kawu bai saƙa ba. Ta gidansa da ta faɗi, buhuna aka ɗinka aka kare wurin. Da zama ya ishe shi, ya wasa laujensa, ya ce in raka shi ofishin neman aiki. Magatakarda ya tambaye shi abin da ya iya, ya ce yankan ciyawa.

"Ka iya inji, Baba?"

"A'a."

Magatakardan ya yi ɗan rubutu, ya miƙo mana takardar, ya kira na gaba. A bakin ƙofa Kawu ya ce in karanta masa. An rubuta cewa ba shi da ƙwarewa.