Tumbin Alhaji Ci-Kaɗai

Ku matso kusa, ku gyara zama. Wanda bai sami tabarma ba ya kifa turmi ya ɗosana, don labarin Mai Nasara telan Urafan ba a jin sa a tsaye.

In kun girma a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi zamanin da sojoji ke riƙe da mulki, kun san fuskarsa ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne Alhaji Ci-Kaɗai na teyatur, wato wasan kwaikwayo, mai ƙaton tumbi da carbi har gwiwa, wanda ke binne hatsi a rami yana rantsuwa ko ƙwaya ba shi da ita. Tumbin nan ba nasa ba ne. Mai Nasara siriri ne kamar karan dawa. Da ƙyallayen da ke zubewa a gindin kekensa na ɗinki ya haɗa shi, ya sa masa igiyoyi na ɗaurewa ta baya.

Kwaikwayo kam da shi aka haife shi. Lokacin wasan kara, bayan an gama girbi, samari kan haɗa bindigogi da huluna da karan gero, wani ya zama kumandan, wani jandarma. Kowa na rububin manyan muƙamai, shi kuwa sai ya zaɓi mai awon gyaɗa. Ya yi sikeli da kara, ya riƙa danna shi da babban yatsan ƙafa yana kallon sama yana tasbihi. Har mai awon na gaskiya ya yi dariya, amma daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar uban Mai Nasara ba.

Da babban fari ya zo ya share shanu, gyaɗa ta mutu, sojoji suka karɓi ƙasa, sai aka tayar da samariya, ƙungiyar matasa, a kowane gari. Mushe Laminu, malamin lakwal, wato makarantar boko, na Urafan, ya tara matasa ya ce za a yi teyatur a kan masu ɓoye hatsi. Ba a rubuta komai. Mushe ya faɗi kan labarin, kowa ya nemo maganarsa a bakinsa. Da aka zo rabon matsayi kowa ya noƙe daga zama mugun Alhajin. Mai Nasara ya yi wuf ya karɓa, don ya lura shi ne ya fi kowa yawan magana.

Saura talakan da za a zalunta, wanda suka sa wa suna Na-Allah. Aka duba aka rasa, sai idon Mushe ya faɗa kan Mumuni, wanda ya kawo musu bencunan zama a amalankensa yana jiran a sallame shi. Mumuni taubashin Mai Nasara ne, uwar wannan da uban wancan ciki ɗaya suka fito. Ƙato ne mai sanyin jiki, da manyan idanu kamar na ɗan maraƙi. Aikinsa duka shi ne ya tsaya da ƙwarya ba komai a ciki, in Alhaji ya gama zazzaga masa rashin mutunci ya ce, "Allah na nan." Kalma uku ke nan. Su ma sai da aka sha wahala kafin ya daina faɗin su tun lokaci bai yi ba.

Wasa ya karɓu. Suka yi shi a Tasawa, suka yi a Mayahi, har Maraɗi aka kai su a bayan kamyo, babbar motar kaya. A Kanan-Bakashe ne abin ya fara. Ana tsakar wasa wata tsohuwa ta cire takalminta ta jefi Alhaji da shi a tumbi, tana cewa Allah ya isa. Mai Nasara ya ɗauke takalmin ya sa a aljihu, ransa fes, don ya san ya kai inda ake so. Da aka tashi sai ya ga mata sun kewaye Mumuni. Wannan ta miƙa masa fura, waccan ta shafa masa kai, tsohuwar nan mai takalmi ɗaya kuma ta dawo da kaza a hammata ta damƙa masa.

"Kai bawana," in ji Mai Nasara a hanyar komawa, "ni na yi gumin, kai ka ci kaza?"

"To wa ya ce ka hana ni hatsi?" in ji Mumuni, yana shafa bayan kazar. "Kuma wa ke bawan wani? Riƙe mini ita in gyara zama."

Aka yi dariya, Mai Nasara ma ya yi. Amma duk tsawon hanyar nan idonsa na kan kazar.

Haka abin ya ɗore gari bayan gari. Mai Nasara ya ƙara wa Alhaji tari, ya ƙara masa ɗingishi, ya ƙirƙiro wata dariya ta hanci wadda yara suka ɗauka har cikin lakwal. Kowane wasa sai ya zo da sabon abu. Mumuni bai taɓa ƙara ko wasali ba, yana nan da kalmominsa uku, kuma shi ke komawa gida da albarka. Abin da ya fi ci wa Mai Nasara rai shi ne babu inda zai kai ƙara. Duk baƙar maganar da ya gasa wa Mumuni, sai a ce wasan taubasai ne. Ran nan a rumfar kasuwa ya ce masa, "Wallahi da turmi aka ɗora wa ƙwaryar nan, da ya hi ka iya wasa." Da gaske ya faɗa. Mumuni ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce a maimaita masa don ya faɗa wa matarsa.

Sai tele, wato talabijin, ta shigo. Aka ɗauki wasanninsu, aka riƙa nunawa, aka kuma kafa akwati ɗaya a gidan samariya na Urafan mai aiki da batir. Mutanen da ba su taɓa zuwa teyatur ba suka ga Alhaji Ci-Kaɗai da idonsu a cikin akwatin gwamnati, wanda shi ne ke faɗin labarun ƙasa. To abin da akwatin nan ya nuna, wa zai ce wasa ne?

Ana cikin haka fari na biyu ya sauka. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, mata suka koma jiƙa anza suna zubar da ruwan ɗacin kafin a ci. A shekarar ƙoshi sunan mai ɓoye hatsi abin dariya ne. A shekarar yunwa wani abu ne daban. Ranar da kamyon taimako ya iso da jar dawa, jama'a suka ce ba wanda zai riƙe tiya ya auna sai Mumuni, mutumin da ko awon hatsin gidansa matarsa ke yi. Mai Nasara ya shiga layi da buhunsa kamar kowa. Sai wani daga baya ya ɗaga murya, "A duba ramin gidanshi tukuna!" Wasu suka yi dariya. Wasu ba su yi ba, kuma su ya gani. Da yamma ɗiyarsa Zuhura ta dawo daga rijiya da tulu rabi, ido ya yi ja, ta ce 'yan mata sun hana ta guga, wai ta je ta sha a ramin ubanta.

Washegari ya sami Mumuni yana ba jakinsa ƙaiƙayi. Bai yi masa kirarin bawa ba, bai tsokane shi ba.

"Mumuni, masu tele za su zo Tasawa ɗaukar sabon wasa. Ni nika son in yi Na-Allah."

Ya zo da shirin faɗa. Ya tanadi maganganu tun daga kazar Kanan-Bakashe har zuwa tiyar jiya. Mumuni ya dube shi, ya shiga ɗaki, ya fito da ƙwaryar.

"Wanga ɗai? Amshi. Dama tsayuwar na sa mini ciwon baya."

Kun ji fa. Abin da ya shekara da shekaru yana hana shi barci, an miƙo masa kamar goro. Ya karɓa, kuma maimakon sanyi sai ya ji wani sabon haushi: har kyautar ma Mumuni ne zai ci ladanta.

Mushe Laminu ya ƙi da farko. Ya ce, "Mai Nasara, mutane sun saba." Mai Nasara ya ce in ba haka ba a nemi wani Alhajin. Dole Mushe ya sakar masa, aka ba Mumuni Alhajin.

Bai taɓa shirya wa wasa kamar wannan ba. Ya rage cin ɗan abin da ake samu, ya nemo tsohuwar rigar ubansa mai faci. Ranar ɗauka, a farfajiyar gidan samariya na Tasawa, ya tsaya da ƙwarya a hannu ya tuna ranar da suka ja gawar sansu na ƙarshe zuwa bayan gari a farin farko, ubansa na tafe a baya. Da ya buɗe baki ya ce "Allah na nan," hawaye ne na gaskiya suka zubo. Mai riƙe da na'urar ɗauka sai da ya share ido da hannun riga. Mumuni kuwa tumbin ya yi ta zamewa gefe yana tallabe shi kamar mai goyo, ya manta tarin, ya manta ɗingishin, da ya zo hana hatsi ma sai ya ce, "Ka yi haƙuri don Allah, babu ne."

Ranar da za a nuna, bayan magariba, Urafan duka ta hallara gaban akwatin. Mai Nasara ya sa Furera matarsa da Zuhura suka zauna a gaba, shi ya tsaya can baya jikin katanga inda zai ga fuskoki.

Hotonsa ya fito, ga rigar faci, ga ƙwarya. Wuri ya yi tsit. Sai Inna Biba mai ƙosai ta miƙe ta nuna akwatin da yatsa.

"Kun ga munahuki! Ya tuɓe tumbin don a ba shi taimako!"

Wurin ya fashe. Da hawayen suka zubo, dariyar ta ƙaru, wata har da guɗa. "Ku dubi idon, wallahi ya iya!" "Albasa ya shafa!" "Kar ka ba shi, Mumuni, ramin shi cike yake!" Da Mumuni ya ce a yi haƙuri babu ne, sai Inna Biba ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, bawan Allah. Iri ne yake aje muna don damina." Aka yi ta sa masa albarka.

Mai Nasara bai jira ƙarshe ba. Furera ta same shi zaune a kan kujerar keke, bai kunna fitila ba.

"Malam, ka bar teyatur ɗin nan," ta ce. "Damina biyu mutane sun mance. Ka koma ɗinkinka, ɗiyarka ta ɗebi ruwa cikin kwanciyar rai."

Ya ji maganarta. Ya rataye tumbin a ƙusa, ya ce wa Mushe ya gama. Ruwa ya dawo, gero ya yi, aka fara ce masa Malam Mai Nasara a kasuwa, Zuhura ta daina dawowa da jan ido. Ya sami abin da Furera ta ce zai samu. Sai dai kullum in ya ɗaga kai daga ɗinki, tumbin na nan yana kallonsa, kuma ba wanda ya ƙara juyowa in ya wuce.

Bayan girbi aka yi wasa a Baudeta ba shi. Aka ɗora wa wani saurayi rawani ya yi Alhajin. Kashegari sai ga amalanken Mumuni a ƙofar shago.

"Bawana, an watse muna jiya tun ba a kai rabi ba. Na tsaya da ƙwarya kamar gunki, mata na ta hirarsu. Yaron nan ko zagi bai iya ba. Ba mai jin tausaina in ba kai ka wulaƙanta ni ba."

Mai Nasara bai daina taka keke ba. "Sun tambaye ni?"

"Har wata ta zo da takalmi a hannu, ta koma da abinta."

Keken ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙusar nan. Ya dubi ƙofar cikin gida inda ake jin dakan Furera da Zuhura.

"In na dawo, kazar fa?"

"A'a," in ji Mumuni. "Kazar tawa ce."

Ya miƙe ya sauko da tumbin, ya kakkaɓe shi, ya juya wa Mumuni baya ya ce ya ɗaure masa igiyar. Furera ta leƙo, ta gani, ta saki labule ta koma dakanta.

Daga nan bai ƙara sauka ba. Ya yi mugun ɗan kasuwa, ya yi mugun mai gari, da zamanin finafinan kaset ya zo har Maraɗi ake aiko masa, kuma ko sau ɗaya ba a sake ba shi mutumin kirki ba. Gemunsa ya yi fari cikin tsinuwar mutane. Zuhura ta yi aure a Mayahi, can ma ɗiyar Ci-Kaɗai ake ce mata, ta gaji ta fara amsawa. Takalmin tsohuwar Kanan-Bakashe yana cikin akwatin kekensa tare da zare da allurai. Kuma har tsufa, in ya bi ta ƙofar gidan Mumuni ya ji kaji na kuka a ciki, sai ya ja tsaki ya ƙara sauri, Mumuni na daga zaure yana kiran, "Bawana, shigo ka ci ƙwai!"

To ku da kuke zaune, da ku aka ɗaura wa igiyar nan a baya, wanne za ku so a miƙo muku in an tashi daga wasa, kazar ko takalmin?