Karaye zuwa Rogo a Kan Keke Mai Faifai

Karaye, ƙarfe biyar da rabi

Ana sallame sallar asuba na fito da keke. Indo, matata, ta ɗaura mini gorar ruwa a bayan sirdi. Ba ta ce kada in tafi ba. Ƙafata ta hagu kawai ta kalla.

Ƙafar nan ƙarfe ne a cikinta. Shekara shida kafin nan motar gyaɗa ta kife da mu, mu uku, ni kaɗai na fita da rai. Direbanmu Ɗanjuma, agogonsa ne ɗaure a kan kekena. Likita ya ce in riƙa tuƙa keke kullum ko ƙafar ta saki. Na tuƙa har na fi masu ƙafa biyu.

Wata rana a talabijin ɗin gidan kallo na ga Turawa suna tsere, ƙafar bayan kekensu a rufe ruf, ba a ganin waya ko ɗaya. Na sa maƙeri ya yanko mini kwanon rufi guda biyu, zagayayyu, na ɗaure su a ƙafar bayan kekena, dama da hagu. Keke ya yi nauyi. Na so haka, don nauyi ke gina ƙafa. Wata huɗu ina motsa jiki da shi kowace safiya a bayan gari. Mutane suka sa masa suna faifai.

Da aka ce za a zaɓi masu zuwa tsere Kano, na je wurin Malam Sabo, jami'in wasanni. Ya dubi furfurata, ya dubi ɗingishina.

"Malam Iro, wannan ba wasan dattawa ba ne. Amma ga takarda. Kai ta Rogo a buga hatimi, ka dawo mini da ita kafin mu tashi, uku da rabi. In ka yi, na rubuta sunanka."

Abin da ya fitar da ni ke nan.

Kafin Dafga, ƙarfe shida da kwata

Raɓa ta kwanta a kan dawa, hanya shiru. Faifai yana da kuka idan ya ɗau gudu, wuu, wuu, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa ba ta isowa. Na daɗe ina jin sa kafin in gane abin da yake tuna mini. Motarmu ce. Har na ji kamar Ɗanjuma yana gefena yana tauna goro, ya kwantar da hannu ɗaya a kan sitiyari.

Da rana ta ɓullo, kwanon ya kama haskenta ya riƙa jefa shi cikin gonaki. Haske yana gudu a kan zangarniya, ni ina bin sa. Ban san lokacin da na wuce rijiyar bakin gari ba.

A gaba akwai shingen 'yan sanda. Kofur ya ɗaga hannu.

"Baba, murfin tukunyar wa ka ɗauko?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To in ya tafasa ka zubo mana. Wuce."

Na sha koko da ƙosai na kwabo hamsin a tsaye, na hau.

Jajaye, ƙarfe takwas da minti ashirin

Nan na sha ƙasa.

Bayan garinmu akwai itatuwa, ban taɓa sanin abin da iskar gefe ke yi wa faifai ba. Kusa da Jajaye an yanke gero, fili ya buɗe fetal. Iska ta bugo daga hagu, keke ya ja dama. Na ƙanƙame kansa, na miƙe zam, na taka da ƙarfi. Ta sake bugowa. Sai ga ni a cikin kunyar gona, keke a kaina, gwiwa tana jini.

Na tashi. Na sake faɗuwa. A karo na uku ban tashi ba. Na kwanta ina kallon gajimare ɗaya yana tafiya a hankali, na ce watakila Malam Sabo ya yi gaskiya.

Mata suna sheƙar gero a masussuka kusa da hanya. Wata tsohuwa ta taho da faifanta na kaba a hannu.

"Sannu, ɗan nan. Ina kwana? Ka ji ciwo?"

"Lafiya lau, Iya. Kaɗan ne."

Ta ƙwanƙwasa kwanon da yatsa. "Me ake ce wa wannan?"

"Faifai."

Ta yi dariya har ta dafa ƙugu, ta kira sauran. "Ku zo ku ga namiji da faifai! Wa ya koya maka riƙe shi?"

"Ba kowa."

"Ai na gani. Tun ɗazu nake kallon ka, ka sandare kamar turmi. Duba nan."

Ta juya faifanta ta tari iska da faɗinsa, iska ta kusa fizge shi. Sai ta karkata shi kaɗan ta wajen da iskar ke fitowa, ta saki wuyan hannu. Ya tsaya cak, ƙaiƙayi yana tashi yana wucewa kamar hayaƙi.

"Jingina za ka yi da ita. Kuma ka saki hannunka, ba ɓarawo ka kama ba."

Ta wanke mini gwiwa da ruwan tulunsu. Na hau, na kwantar da kafaɗa ta wajen iska, na sassauta hannu. Keke ya yi rawa, ya daidaita. Can sai na ji abin da ban taɓa ji ba: iskar da ta kayar da ni tana tura ni gaba. Ƙafar ƙarfen ta daina nauyi. Ban san ko tuƙi nake ko ɗauke ni aka yi ba.

Rogo, ƙarfe goma saura minti biyar

Magatakarda a ofishin hakimi ya juya takardar, ya leƙa waje ya ga keken.

"Daga Karaye? A kan wannan garwar?"

"A kanta."

Ya buga hatimi. Na ci dafaffen rogo da ƙuli, na sayi sandar rake ɗaya. Gwiwa ta kumbura. Wani mai gyaran keke ya miƙe mini birki, ya ce in kwance kwanon in huta. Na ce a'a. Sha ɗaya daidai na juya.

Komowa

Iska ta koma dama, na koma jingina dama. A Jajaye masussuka ba kowa, sai tulin ƙaiƙayi. Na so in ba tsohuwar raken. Na ajiye shi a kan turmi na wuce.

Na yi azahar a gindin wata tsamiya, a zaune, don gwiwa ta ƙi lanƙwasa. Daga nan tafiyar ba ta da daɗi. Ina taka dama, hagu tana bi. Kukan faifai kaɗai ke riƙe da ni. Na daina duba hanya, na koma duba agogon Ɗanjuma.

Karaye, ƙarfe uku da minti goma

Malam Sabo yana haɗa takardunsa. Na ajiye tawa a kan tebur. Ya duba hatimi, ya duba jinin da ya bushe a wandona. Ya ɗauki biro.

"Iro Mai Faifai zan rubuta. Amma ranar tsere ka cire shi, ba za su bar ka da kwano a Kano ba."

"Zan cire. Ya riga ya yi wa ƙafar aikinsa."

A gida Indo ta kawo ruwan zafi ta gasa gwiwar. Ta kalli keken a jingine.

"In ka cire ka ba ni ɗaya in riƙa shanya kuɓewa."

"Sai kin koya mini sheƙa tukuna," na ce.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Indo. Na kuma gode wa tsohuwar Jajaye, wadda ban tambayi sunanta ba. Allah ya sa ita ta tsinci raken.