Majanyin Gwaggo Kulu Ya Je Jamus

Duk wanda ya san Gwaggo Kulu ta Gulma ya san ba ta fita sai da majanyi a kafaɗa. Ko gaisuwar mutuwa za ta, yana nan rataye. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ku faɗi gaskiya, cikinku wa bai yi barci a bayanta ba? Ni da nake 'yar ƙanenta, ta goya ni har ƙafafuna suka fara dukan ƙwaurinta. Ga tambayar tsiya. In ta ga jariri sai ta ji sunansa, abin da ya ci, da wanda ya ɗebo wa hanci, sannan ta sunsuna kansa.

Kun dai tuna abin da ta yi a kasuwar Argungu. Wata mai kifi ta ba ta riƙon ɗa don ta sallami masu saye. Gwaggo ta saɓa shi a baya, ta shiga cefanenta, ta gama, ta nufi tasha abinta. Can uwar ta cim mata, ba ɗankwali, tana haki. Gwaggo ko a jikinta. Ta ce, "To mi? Kin ji shi yana kuka?"

Shekarar da jami'a ta tura ni Jamus in yi aikin sanin makama a gidan rainon yara, ta zo har gidanmu na Gwadangaji, ta sa na maimaita mata maganar.

"Jirgin sama za ki hau ki koyo raino? Ga ni zaune?"

Fushin bai daɗe ba son sani ya ci ƙarfinsa. Ta shiga jero mini tambayoyi: da wane yare jariransu ke kuka, haƙorin sama ke fara fito musu ko na ƙasa, wa ke goya su in uwa tana daka. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, 'yar Filato, ta ce ai can ba a goyo, a keke ake tura su. Gwaggo ta riƙe haɓa, ta tambaya ko kamar buhun shinkafa a baro. Ranar tafiyata ta cire majanyin ta cusa a jakata. Ban taɓa ganin kafaɗar nan babu shi ba. Ta ce in goya mata ɗan Jamus guda ɗaya ta gani da idonta, abin da take so ke nan.

Ashe aiki ta ba ni. Shugabar wurin ta ce ba a ɗaure ɗan kowa sai iyayensa sun yarda, in kuma na yi gaban kaina, zamana ya ƙare. Gwaggo kuwa duk kiran da na yi, kafin sallama sai ta ce, "An goya?" Na yi mata bayanin izini. Ta ce ita wa ta tambaya a kasuwar Argungu?

Ana haka Mama ta gaya mini Gwaggo ta kwanta, ko fura ba ta sha, amma ba ta daina tambayar ba. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na koma tare iyaye a bakin ƙofa, ina goya 'yar tsana ina nuna musu. Su yi murmushi su wuce. Daga ƙarshe wata, ita ma mai son ganin ƙwaƙwaf irin Gwaggo, ta yarda, muddin tana tsaye. Ɗanta Lukas, gashinsa kamar gemun masara.

Na kira Gwaggo ta bidiyo, Mama ta riƙe mata wayar. Matar da aka ce ba ta iya tashi, sai ga ta zaune tana ba da umarni: in duƙa sosai, in ja majanyin ƙarƙashin ɗuwawunsa, wai ɗaurin nan nawa na 'yan boko ne. Ina miƙewa yaron ya yi shiru, ya leƙo ta kafaɗata, ya sheƙa mini tumbuɗi a wuya har cikin majanyin. Uwar ta ruɗe tana ba ni haƙuri. Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Da ɗumi?"

"Da ɗumi, Gwaggo. Ga tsami."

"To, ɗan mutum na, irin namu. Kada ki wanke. In kin zo in sunsuna."

Ban wanke ba. Na shanya shi, na ƙulle a leda, na dawo da shi kamar tsarabar turare. Na tarar an riga an kai ta makwancinta. Yana nan cikin akwatina, har yau na kasa sa masa ruwa, kuma wallahi ina kewarta.

Allah ka jiƙan Gwaggo Kulu. Ta raini 'ya'yan mutane duk rayuwarta, bayanta bai taɓa hutawa ba. Ka ba ta Aljanna, ka ba ta nata a can, ta goya ba mai biyo ta tasha ya karɓe.