Tsohon Dosiye da Rigar Ango

Yayana tela ne a kasuwar Nkololoun, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Da idanunsa suka fara rauni har zare ya daina shiga masa allura, sai ya sayi keken surfani mai aiki da kwamfuta. Kwamfutar ke aika wa keken zane, keken ya ɗinka wuyan riga. Da wannan ya ci gaba da amsa sunan tela. Ni ce autarsu, ina aikin ofis wajen tashar jirgin ruwa, saboda haka duk abin da ke da maɓalli a gidanmu na unguwar New Bell ni ake kira.

Shekarar da zai aurar da 'yarsa ta fari, ya rantse a gaban dangi cewa rigar ango daga shagonsa za ta fito. Aka sayo shadda fara sol. Sai kwamfuta ta yi mizajur, wato sabuntawar nan da take yi wa kanta ba tare da neman izinin kowa ba. Tana gamawa ta daina gane keken, kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Ya gaya mini? Ina! Babban wa guda ya kira ƙanwarsa ya ce ya kasa? Kullum muna haɗuwa a gida, in ce, "Yaya, ya rigar?" ya ce, "Keke na hutawa." Hutun me, don Allah? Matarsa ce ta gaji ta tsegunta mini ana saura kwana kaɗan ɗaurin aure.

Na bar ofis da rana tsaka, na tare bensikin, wato ɗan acaɓa, ruwa na zuba, ina ta zungurar mai mashin ya yi sauri. Abin da ke cina shi ne na san maganin. Idan kwamfuta ta sabunta, takan ajiye tsohon tsarinta a wani babban dosiye, wato ma'ajiyar fayiloli, na 'yan kwanaki, ko mutum zai so komawa baya. Wa'adi na cika ta share shi da kanta.

Na iske shi zaune yana goge keken da ba ya aiki. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ja kujera. Na buɗe wurin da ake komawa tsohon tsari. Maɓallin ya dusashe, ba ya dannuwa. Na nemi dosiyen, yana nan da sunansa, amma cikinsa wayam. Na duba ko ta taɓa ajiye wani matsayi na baya da za a maido ta kai. Babu, an kashe wannan tun wajen mai sayarwa don faifan ajiyar kwamfutar ƙarami ne. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na kira wani abokin aikina, ya ce manhajar keken ta tsufa, masu ita sun daina gyara ta, sai dai a sauke komai a nemo tsohon tsari a ɗora, kuma ba aikin yau ko gobe ba ne.

"Yaya, me ya hana ka gaya mini tun ranar?" Na faɗa cikin haushi.

"Kina da aikinki, Auta."

"Aikin banza! Da makon jiya ne, danna ɗaya zan yi!"

Na ce a kai wa wani tela a kasuwa, wa zai sani? Ya dube ni ya ce shi zai sani. Sai ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur, ya zazzage allurai, ya shimfiɗa shaddar a cinyarsa, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya lashi zare, ya nufi kafar allura, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Haushina duk ya zube, tausayi ya kama ni har na kasa kallonsa.

Ya daɗe a haka. Can, ba tare da ya ɗago ba, ya miƙo mini allurar da zaren.

"Auta," ya ce, "zura mini."

Ban koma ofis ba sai bayan biki.